Ranar da Aka Share Narayi

Ni mutum ne mai son raɗa wa abubuwa suna. Tsohuwar motata tana da suna, janareton gidanmu ma yana da nasa, kuma babu na yabo a cikinsu. Matata ta sha gaya mini cewa wannan hali zai ja mini wata rana. Ban taɓa zaton a ɗakin kwamfuta zai ja mini ba, balle har ya nemi ya ci wadda ba ta ji ba ba ta gani ba.

A lokacin ina aiki a wata cibiyar gwaje-gwaje da ɗaukar hoton marasa lafiya a unguwar Barnawa, cikin garin Kaduna. Ni ne Injiniya, wato duk abin da ke da waya a jikinsa nawa ne, tun daga kwamfutar mai karɓar baƙi har rimot ɗin talabijin na ɗakin jira. Mai wurin likita ne, Ibo haifaffen Kakuri, ɗan wani mai sayar da kayan gyaran mota. Yana jin Hausa kamar jakin Kano. In ransa ya ɓaci yakan fara faɗa da Turanci, ya gangara Burokin, ya ƙare da Hausa, domin a Hausar ya fi ƙwarewa wajen wanke mutum tas. Dokta muke ce masa. Mutumin kirki ne, sai dai ba ya son a ce masa a jira.

Shekarar da hotuna suka yi mana yawa, Dokta ya sayo akwatin ajiya irin na manyan kamfanoni. Wani baƙin ƙarfe ne mai nauyin gaske, da ramuka goma sha biyu a gabansa, kowane rami da faifansa da 'yar fitilarsa mai ƙiftawa. Aka kafa shi a wani ɗan ɗaki bayan ɗakin hoto. Babu inda ya kai ɗakin nan sanyin esi a duk ginin, shi ya sa nas-nas suke ɓoye lemonsu a bayan ƙofarsa.

Irin wannan akwati ba a amfani da faifansa ɗaya-ɗaya. Sai ka shiga allonsa ka haɗa wasu faifai wuri guda, sauran kwamfutoci su riƙa ganinsu a matsayin faifai ɗaya babba. Shi ake kira bacuwal disk. Ba abu ne da za ka ɗauka a hannu ba. Yana nan ne kawai saboda an rubuta cewa yana nan, kamar fuloti a takardar safiyo. Kai za ka faɗa wa na'ura faifai nawa za su shiga, da yadda za a jera su, da guda nawa za su iya mutuwa ba tare da an yi asara ba. Kai ne kuma za ka zaɓi girman gutsuren da za a riƙa yanka bayanai, domin kowane hoto ɗaɗɗatsa shi ake yi a rarraba wa faifan bi da bi, yadda ake kasa naman watanda.

Na yanka guda uku. Na'ura ta ba su nata sunayen: sifili, ɗaya, biyu. Na dubi sunayen nan na ga ba su da gishiri ko kaɗan, sai tsohon halina ya motsa. Na farko faifai huɗu ne masu sauri, wurin rajistar yau da kullum, na ce wannan Barnawa ce, unguwar kwalta da ma'aikata masu goge takalmi. Na biyu faifai biyu ne kacal, amma su ke shan wahalar na'ura ba dare ba rana, na sa masa Makera don in karrama unguwarmu. Na uku shi ne babba, faifai biyar, ba shi da sauri kuma kullum ƙara cika yake. Wanda duk ya taɓa shiga keke zuwa Narayi da damina, yana kallon sababbin gine-gine dama da hagu, ya san dalilin da na sa masa Narayi. A cikinsa na zuba duk hotunan cibiyar. Faifai na goma sha biyu kuwa na bar shi yana jiran ko-ta-kwana, in wani ya mutu ya maye gurbinsa.

Na yi dariyata ni kaɗai a cikin sanyi, na kulle ɗaki. Takardar bayanin da ya kamata in rubuta in ajiye, wadda za ta faɗi abin da ke cikin kowanne, na ce sai gobe.

Mutum ɗaya na bai wa lambar sirrin akwatin, saboda tsaro. Ita ce shugabar sashen rikod, wadda dukanmu muke kira Anti. 'Yar kudancin Kaduna ce, ta girme ni da shekara goma sha wani abu, kuma da tafireta ta fara aiki a wata ma'aikata kafin ta koya wa kanta kwamfuta. Har yanzu bugun tafireta take yi wa kibod, kana jin ta daga baranda. Mijinta yana cikin waɗanda masaƙun Kakuri suka rufe suka bari a tsaye, don haka aikinta shi ke riƙe da gidan, da yara biyu a makarantar gaba da sakandare. Tana kirana ƙanina in muna shiri, Injiniya in na yi laifi. Abin da na nuna mata a allon akwatin bai wuce guda ba: in ta ga jar alama ta kira ni.

Bayan kamar shekara guda sai Dokta ya buɗe ɗan reshe a Narayi, Narayin gaske, mai mutane da kwata da masu gasa masara. Ban kawo komai a raina ba. Reshen bai daɗe ba mai gida ya ce yana son gidansa, aka kwashe kaya aka dawo da su Barnawa, aka haɗe rajistarsu da tamu. Nan ma ban kawo komai ba.

Ranar da abin ya faru ina hutu. Na kashe wayata da gangan, domin hutun da ya gabata Dokta ya kira ni daga Makera har Barnawa don rimot ya ƙi aiki, ashe batir aka sa a juye. Da hantsi ina wankin mota a ƙofar gida, kumfa har gwiwar hannu, sai matata ta fito da wayarta.

"Antin wurin aikinku ce," in ji ta. "Muryarta ba daidai take ba."

Na maƙale wayar a kafaɗa na gaishe ta, na fara tsokanarta cewa ko kwana uku ba za su iya yi babu ni ba. Ba ta biye mini ba.

"Ƙanina, Narayi da ke cikin akwatin nan naka, mene ne a ciki?"

"Hotuna mana, Anti. Duka hotunanmu, tun na farko."

Sannan ta ce, "To, na share shi."

Ban ɗauraye motar ba. Na bar ta da kumfarta na tari keke, ko takalmin kirki ban sa ba. A hanya ta ƙarasa mini labarin. Masu kafa sabuwar na'urar sikanin za su zo washegari, sun aiko cewa a tanadar musu fili a akwati. Dokta ya neme ni bai samu ba, ya sa Anti ta buɗe masa allo. Yana dubawa ya ga Narayi ya fi kowa girma. Ya ce ashe reshen da muka rufe ne ya cinye mana rabin akwati, a share shi yanzu. Ta ce a jira ni. Ya ce me za a jira, ga suna nan ɓaro-ɓaro. Na'ura ta yi gargaɗi cewa duk abin da ke ciki zai ɓace, ya ce ai abin da ake so ke nan. Ta danna. Minti biyar ba a yi ba ɗakin hoto suka fito suna tambayar ina hotuna suka shiga.

Muna da kwafin rajista, amma hotuna sun daɗe da fin ƙarfin ɗan akwatin da muke kwafi a ciki. Na daɗe ina cewa zan san yadda za a yi, Dokta ya daɗe yana cewa wata mai zuwa. Wato babu su a ko'ina sai a Narayi.

Gaskiya ɗaya ce, zan faɗe ta. Daga Makera zuwa Barnawa ba hotunan mutane nake tunani ba. Lissafin yadda zan zare wuyana nake yi. Ni ina hutu. Ba ni na ba da umarni ba, ba ni na danna ba. Mai keke yana ta ba ni labarin tsadar mai, ni kuwa ina ta jera hujjoji, har muka iso na ji kamar ni ne ma aka cuta. An ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Na tarar da Dokta ya riga ya wuce Turanci da Burokin, yana tsakiyar Hausa. Ɗakin jira cike, wasu sun zo karɓar sakamako, wasu likitocinsu sun aiko a kwatanta hoton bara da na bana. Ya ja mu ofis ni da Anti ya rufe ƙofa.

"Madam, na ce ki share na reshe, ban ce ki share mini asibiti ba. Aikinki ne ki san abin da ke cikin rikod. In hotunan nan ba su dawo ba kafin a tashi, ki tattara kayanki. I'm serious."

"Ni na danna, Sa," in ji Anti.

Ya juyo kaina. "Kai kuma Injiniya, me ya kai hotunan Barnawa cikin Narayi?"

Nan ne ya kamata in yi magana. Maimakon haka sai na tara masa hazo. Na ce tsarin na'ura ne, Sa, ita ke rarraba abubuwa yadda ya dace da girmansu, na yayyafa masa kalmomin Turanci masu nauyi guda uku huɗu. Ya kaɗa hannu ya ce in je in gyara. Dokta bai gane ba. Anti kuwa ta dube ni sau ɗaya, irin kallon da take yi wa fayil ɗin da aka sa a gurbin da ba nasa ba, sannan ta kau da kai. Na ji kunya har cikin ƙashina.

A ɗan ɗakin sanyi na fara samun labari mai daɗi. Bayan ta ga abin da ya faru, Anti ta ɗauko kujera ta zauna a bakin ƙofa ta hana kowa shiga. Dokta ya ce a kashe akwatin a kunna, kamar yadda ake yi wa dikoda, ta ƙi. Wani daga ɗakin gwaji ya ce a ƙirƙiri sabon Narayi ko hotunan za su ga gida su dawo, ta ce ya koma wajen fitsarinsa. Wannan taurin kan nata shi ya bar mana ƙofa a buɗe. Share bacuwal disk takardar safiyon kawai yake yagawa, gidajen suna nan tsaye a kan faifai muddin ba a rubuta wani abu a kansu ba. In ka sake zana iyakar daidai yadda take, faifai iri ɗaya, jeri iri ɗaya, gutsure iri ɗaya, kuma ka hana na'ura wanke wurin, komai zai iya dawowa. In ka kuskure, na'urar tana iya fara gyara abin da take gani ba daidai ba, ta dagula hotunan har abada.

Matsalar ita ce ni ban tuna girman gutsuren da na zaɓa ba. Sittin da huɗu ne, ko ɗari biyu da hamsin da shida? Na dafe kai na fara cewa ina jin kamar, ina jin kamar.

"Ba a aiki da ina jin kamar," in ji Anti. Ta miƙo mini wayarta. "Tun ina tafireta ban taɓa yaga takarda ban bar kwafi ba."

Ashe kafin ta danna sai da ta ɗauki allon hoto, shafi biyu, har da ɗan yatsan Dokta a gefe yana nuna inda za a danna. Ga tsarin, ga girman gutsure, ɗari biyu da hamsin da shida, ga lambobin faifan. Na ce Anti, da ba don kin yi aure ba da na kai kuɗi gidanku. Ta ce in bari sai matata ta ji, kuma in yi abin da ya kawo ni.

Lokacin azahar ya yi. Na ce ba zan taɓa komai ba tukuna, na fita na yi sallah a bayan gini, na daɗe a sujada fiye da yadda na saba. Da na dawo muka zauna, ita tana karantowa daga waya, ni ina shigarwa ina maimaitawa. Na cire alamar da ke cewa a wanke faifai, na duba sau uku cewa ta ciru. Ta karanto lambobin: bakwai, takwas, goma, sha ɗaya, sha biyu. Na jera su haka, na kai yatsa zan danna.

"Tsaya," in ji ta. "Ina tara?"

"Wace tara?"

"Mutum mai hankali in zai ƙirga biyar daga bakwai, a sha ɗaya zai tsaya. Me ya sa aka tsallake tara aka ɗauko sha biyu? Ko shi ma tsarin na'ura ne?"

Na haɗiye wannan, na tashi na leƙa gaban akwatin. Fuskar rami na tara ta fi sauran ƙyalli. Sai na tuna. Watannin baya faifai na tara ya mutu, na sha biyu mai jiran ko-ta-kwana ya shiga gurbinsa, sabon da na sayo na zura a tara ya zama shi ne mai jira. Allon yana jera lambobi ne daga ƙarami zuwa babba don kyan gani, amma a ainihin layin, sha biyu yana tsaye ne a wurin tara. Jerin gaskiya shi ne bakwai, takwas, sha biyu, goma, sha ɗaya. Da na danna yadda na tashi yi, da haƙarƙarin wani ya haɗu da ƙugun wata. Gumi ya keto mini a ɗakin da lemo ke yin ƙanƙara.

Na bar allon mai zane na rubuta umarnin da hannu, don in tilasta wa na'ura bin jerin da nake so. Anti ta sa na karanta mata shi harafi-harafi. Na yi bismillah, ta ce Yesu ka taimaka, na danna.

Fitilu biyar suka ƙifta tare. Na haɗa faifan da kwamfuta ta yadda za a iya karantawa kawai ba a rubuta ba, sai ga sunayen fayil-fayil sun jeru shekara-shekara. Anti ta fara miƙewa, na ce ta zauna tukuna, suna yana iya fitowa ciki kuwa shirme. Na nemi hoto mafi girma na buɗe. Ya fara sauka daga sama sannu a hankali, kafaɗa, haƙarƙari, har ƙasa, babu tsaga babu zane. Ƙirjin wani tsoho ne mai ɗan karkataccen baya. Na ga kyawawan abubuwa a duniya, amma ban taɓa ganin abin da ya kai haƙarƙarin bawan Allahn nan kyau ba. Muka buɗe na bara, na bara waccan, na makon jiya, ƙafa, kai, cikin mai juna biyu. Duk suna nan lafiya lau.

Kafin la'asar ɗakin hoto ya koma aiki. Dokta ya dawo Turanci, alamar hankalinsa ya kwanta, ya aika a sayo wa kowa lemo da mitfai. Ya kira mu ofis yana murmushi, ya ce ni jarumi ne, ya ce Madam ta tsira, amma dole ya ba ta takardar gargaɗi a sa a fayil ɗinta don gobe.

Mitfai ɗin yana hannuna na kasa kai shi baki. Na ajiye na ce, "Sa, ɗazu ƙarya na yi maka. Ba na'ura ba ce ta sa sunan, ni ne. Tun kafin a buɗe reshe na raɗa masa Narayi, don yana da girma kuma ba ya sauri. Ban gaya wa kowa ba, ban rubuta a ko'ina ba. Kuma hoton da Anti ta ɗauka ne ya dawo da shi, ita ce ma ta hana ni dagula shi."

Dokta ya cire tabarau ya daɗe yana kallona.

"To me ke cikin Makera?" ya tambaya.

"Wahala, Sa."

Ya yi ƙoƙarin riƙewa ya kasa. Ya yi dariya har da bugun tebur, ya ce Allah ya so shi bai buɗe reshe a Makera ba. Da ya gama share hawaye sai ya jawo takarda ya rubuta gargaɗin, da sunana a sama. Ya ce kafin in bar ginin in canza sunayen kuma in rubuta komai a ajiye. Sannan ya dubi Anti, ya sosa ƙeya, ya ce shi ma ya matsa mata, ta yi haƙuri. A wurin Dokta wannan daidai yake da durƙusawa.

Muka koma ɗakin sanyi ni da ita. Ina canza sunaye tana buga takardar bayani, kibod yana kuka. Hotuna, Rajista, Aikin Na'ura. Na ce sunayen nan ko kare ba zai ci ba, ta ce haka ake so. Da muka gama ta buɗe jakarta ta ciro wata takarda a ninke ta miƙo mini.

"In za ka fita ka sa wannan a injin yanka takarda."

Ban kai ƙofa ba na buɗe. Takardar ajiye aiki ce, layi huɗu, an buga tsaf babu kuskure ko ɗaya, da sa hannunta a ƙasa. A ciki ta ce ita ta share faifan da hannunta, ta ɗauki alhakin duk abin da ya biyo baya, tana gode wa cibiya. Na karanta sau biyu ina neman inda ta ambace ni. Babu.

"Karatu na ce ka yi?" in ji ta.

"Anti, yaushe kika buga wannan?"

"Da ka fita sallah."

"Ai a lokacin kin riga kin gane ni ne."

"Na gane." Ta rataya jakarta tana neman makullin ofis a ciki. "Kai yaranka ƙanana ne. Nawa sun kusa gamawa."

Ta wuce tana yi wa nas-nas faɗa su zo su kwashe lemonsu. Ni kuwa na daɗe tsaye da takardar a hannu. Sannan na je na sa ta a injin, na tsaya har ta gama shigewa.